Saka kanula a jijiya mai bugawa ga jarirai da ƙananan yara

Wata likita da ke neman ƙwarewa a fannin sa barci ta rubuto cewa tana saka kanula, wato siririyar robar da ake zurawa da allura, a jijiya mai bugawa (wadda ke kai jini daga zuciya zuwa jiki) ta manya ba tare da wahala ba, amma in aka kawo mata yaro ɗan ƙasa da shekara 2, sai ta ga jini ya leƙo a gindin allura, kanular kuma ta ƙi shiga. In ta sake gwadawa sau biyu ko uku, sai bugun ya ɓace gaba ɗaya. Tana son sanin inda matsalar take, da inda ya kamata ta koma idan wuyan hannu ya ƙi.

Ƙanwata Likita, sannu da aiki. Abin da kika bayyana yana da dalili a cikin girman jijiyar kanta, kuma da zarar kin riƙe adadin a kanki za ki fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata. Jijiyar rediyal, wadda ke bin gefen babban yatsa a wuyan hannu, faɗinta ga jariri bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba, kamar tsinken tsintsiya. Kanula mai lamba 24, wato mai ruwan ɗorawa, kaurinta kusan milimita 0.7 ne, mai lamba 22, shuɗiya, kusan 0.9. Bakin allurar ƙarfe kuma yana gaba da bakin robar da kusan milimita guda ko fiye. Saboda haka a lokacin da kika ga jini ya leƙo, tsinin ƙarfen ne kawai ya shiga, robar tana waje tana jingine da bangon jijiya. In kika tura ta a lokacin, ture jijiyar za ta yi ko ta lanƙwashe. In kuma kika ƙara tura allurar a tsayen da kika shigo da ita, kamar yadda hannunki ya saba yi wa babba, to kin huda bangon baya kin fita, domin babu filin da zai ɗauki wannan ƙarin. Babban mutum jijiyarsa tana yafe miki wannan milimita guda. Ta jariri ba ta yafewa.

Ɓacewar bugun kuma abu biyu ne ke haɗuwa. Jijiyar yaro tana da saurin tsukewa in an taɓa ta, sannan jinin da ya zubo daga hudar farko yana taruwa a gefenta ya matse ta. Kowace huda tana rage damar wadda za ta biyo baya. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda nake koyarwa cewa allurar farko ita ce mafi kyawun damarsa, kuma duk wani shiri da zai sa ta yi nasara a yi shi kafin a taɓa fata, ko da likitan tiyata yana duba agogo.

Amma kafin mu je ga hannu, akwai tambayar da ta fi damuna. Wa zai kula da layin, wato kanular da robobin da ke haɗe da ita don auna matsin jini da ɗiban jini, bayan kin saka shi? Dalilan saka shi sanannu ne: tiyatar zuciya, tiyatar da ake tsoron zubar jini mai yawa kamar cire babban ƙari daga ciki ko aikin ƙwaƙwalwa, yaron da jininsa ya faɗi har ana ɗiga masa adirenalin don ɗaga shi, da wanda ke kan injin numfashi ana yawan auna iskar jininsa. A wajen waɗannan, maɗaurin awon jini mai girman da ya dace da hannun yaro yakan wadatar. Kuma ko da dalilin ya cika, in babu tiransdusa, wato na'urar da ke mai da bugun jini zane da lamba a kan monita, ko babu famfon sirinji mai batir da zai ci gaba da aiki in wuta ta ɗauke, ko nas ɗaya ce ke da gadaje da yawa da dare, ra'ayina shi ne a cire layin kafin yaro ya bar ɗakin tiyata. Jinin jikin jariri kusan mil 80 zuwa 90 ne a kowane kilo. Mai kilo 3 ke nan duk jininsa bai fi mil 250 da ɗoriya ba. In mahaɗi ya kwance a ƙarƙashin zani babu ƙararrawar da za ta yi kuka, cikin 'yan mintuna zai rasa kaso mai yawa na wannan jinin. Wannan ba ya cikin abubuwan da nake sassauci a kansu.

In kin tabbatar ana buƙata, ki fara da zaɓen hannu, domin ga masu ciwon zuciya ba kowane hannu ne daidai ba. Jaririn da daktus ɗinsa ke buɗe, wato ƙaramar hanyar da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki, hannun dama ne ke nuna irin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda za a gyara wa tsukewar babbar jijiyar jiki shi ma hannun dama ake so, domin ana iya matse reshen hagu a lokacin aikin. Wanda aka yi wa mahaɗin Blalock-Taussig kuwa, wato hanyar da ake buɗewa da tiyata daga jijiyar da ke zuwa hannu zuwa jijiyar huhu, ki guji hannun ɓangaren da aka yi shi, lambar da zai ba ki ba abin dogaro ba ce. Ki tambayi likitan tiyata tun kafin ki buɗe kanula.

Gwajin Allen, na danne jijiyoyin wuyan hannu a saki ɗaya a ga ko jini zai dawo tafin hannu, wanda Edgar Allen ya bayyana a 1929, ana koyar da shi har yau, amma bai iya faɗin wane hannu ne zai samu matsala ba, ga jariri kuma yana da wuyar yi da wuyar karantawa. Na fi amincewa da in ɗora sikanin in ga jijiyar alna, ta gefen ƙaramin yatsa, tana bugawa. Ƙa'idar da ba na karyawa ita ce, in an huda rediyal an kasa, ba a komawa alna ta wannan hannun. Su biyun ne ke ciyar da tafin hannu.

Yanzu shiri. Yaro ya kasance da ɗumi, domin sanyin ɗakin tiyata kaɗai ya isa ya tsuke jijiya. In ya daɗe ba ci ba sha kuma jininsa ya sauka bayan an sa shi barci, ki gyara wannan tukuna da ruwa gwargwadon abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Ki zauna a kujera, ki daidaita tsayin gado, ki jingina gefen hannunki a kan wani abu. Ki sa ɗan naɗin bandeji a ƙarƙashin wuyan hannun yaron ya ɗan karkata baya, kusan digiri 30 zuwa 45, ki manne yatsun da filasta. Kada ki lanƙwasa shi har ƙarshe. Hakan yana miƙe jijiyar ta baje, ramin da kike nema ya ƙara ƙanƙancewa. Hula, takunkumi, safar hannu mai tsabta da ƙyallen rufi duk dole ne. Ga bakwaini ki yi hattara da kulohekzidin, maganin goge fata, yana ƙona fatarsu in ya taru a ƙarƙashin hannu, ki bar shi ya bushe sarai. In yaron ba a barci yake ba, mil 0.1 zuwa 0.2 na lidoken, maganin kashe zafi, mai kashi 1 cikin 100 ya isa. Fiye da haka zai ɓoye miki bugun.

Wani abu da littattafan waje ba za su gaya miki ba: sau da yawa za ki tarar da laya ko zare ko awarwaro a wuyan hannun yaron. Ki yi wa uwar bayani, ki roƙe ta ta cire da hannunta ta ajiye, ko a mai da shi ɗaya hannun. A wannan zaman ne kuma za ki faɗa mata cewa wannan layin daban yake da na ƙarin ruwa, ba a sa magani ta cikinsa, kuma in ta ga jini ko ta ji yatsun sun yi sanyi ta kira nas nan take. Uwar da ta fahimta tana ganin abin da monita bai gani ba.

In da yatsa za ki nema, ki yi amfani da kan yatsa ɗaya a hankali, domin danna kaɗan ya wuce kima yana toshe jijiyar. Ki fara tsaga fatar da bakin wata allura don kada robar kanula ta tattare. Ki shiga a kwance, digiri 15 zuwa 30, a hankali ƙwarai, domin jinin jariri ba ya tsalle kamar na babba, a sannu yake hawowa, mai sauri yakan wuce jijiyar kafin ya gan shi. Da jini ya leƙo, ki tsaya. Ki kwantar da allurar har ta kusa taɓa fata, ki ƙara milimita guda kacal, ki duba ko jinin na ci gaba da zuwa, sannan ki zura robar tana ɗan juyawa a kan ƙarfen. Dole ta tafi ba tare da turjiya ba. In ta turje, ki daina turawa.

In kin riga kin huda bangon baya, ba a rasa komai ba tukuna, kuma a nan ne mutane da yawa ke zare komai su sake sabuwar huda ba bisa buƙata ba. Ki zare ƙarfen gaba ɗaya, ki riƙa janyo robar baya kaɗan-kaɗan har jini ya fara fitowa da bugu. A nan ki zura siririyar waya mai taushin baki wadda ta dace da lambar kanular, in ta wuce salin-alin sai ki bi ta da robar. Wannan dabarar ta bin waya Sven Ivar Seldinger, likitan hoto ɗan Suwidin, ya kawo ta a 1953. Ki tabbata wayar tana kan tire tun farko, kuma kin gwada cewa tana shiga kanular, domin wadda ke wuce lamba 22 ba lallai ta wuce lamba 24 ba. Abin da ba a yi ko kusa shi ne mai da ƙarfen cikin robar bayan an zare shi. Yana iya yanke ta, guntun ya tafi cikin jijiya. Ga bakwaini da sabon haihuwa, fitila marar zafi da aka ɗora a bayan wuyan hannu a ɗaki mai duhu tana nuna jijiyar kamar baƙin layi.

In sashenku na da na'urar sikanin mai ƙaramin kai, to ita nake ba ki shawara ki koya da gaske. Bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken likitanci, ta 2016, wadda aka sabunta a 2023, ta nuna cewa sikanin na ƙara nasarar hudar farko ga yara kuma yana rage taruwar jini a ƙarƙashin fata. Amma ɗora na'urar kaɗai ba ya wadatarwa. Ki rage zurfin hoton zuwa santimita 1 ko 1.5, ki ɗora kan na'urar a gicciye yadda jijiyar za ta fito kamar baƙin zobe a tsakiyar allo. Ki sassauta hannu, nauyin na'urar kaɗai na iya baje ta. Jijiyoyin da ke mai da jini, waɗanda ke raka ta a gefe, suna rufewa in an ɗan danna, ita kuwa tana ci gaba da bugawa. Ki shigar da allura har tsininta ya bayyana kamar farin ɗigo. Sai ki matsar da na'urar gaba kaɗan har ɗigon ya ɓace, ki tura allurar har ya dawo, ki sake matsawa, ki sake turawa. Haka za ki yi ta bin tsinin, milimita bayan milimita, har ki gan shi a tsakiyar zoben, sannan ki kwantar da allurar ki ci gaba da wannan tafiyar a cikin jijiyar na wasu milimita kafin ki zura robar. Wannan shi ne maganin ainihin matsalar da kika kawo, domin a lokacin robar ta riga ta shiga tare da ƙarfen. Idonki ya kasance a kan allo. Mai ɗaga kai ya duba ko jini ya leƙo yakan motsa hannu ya rasa tsinin.

Abu biyu daga bincike sun cancanci ki sani. Masu bincike a Japan sun nuna a 2014 cewa an fi samun nasara in jijiyar tana zurfin milimita 2 zuwa 4 daga fata, kuma in ta yi sama da yawa, ɗan ruwan gishiri da aka sa a ƙarƙashin fata yana ba allura filin tafiya. A 2020 kuma wani gwaji a Seoul, kan yara 'yan ƙasa da shekara 2, ya nuna cewa naitirogilisarin, maganin buɗe jijiyoyin jini, kaɗan, maikurogiram 5 a kowane kilo, da aka sa a ƙarƙashin fata kusa da jijiyar ya faɗaɗa ta, nasarar hudar farko ta tashi daga kusan biyu cikin uku zuwa kusan tara cikin goma. Ba zan ce ki fara wannan ke kaɗai ba. Tsarma maganin zuwa wannan ƙaramin adadi wuri ne da ake yin kuskure, sai sashe ya amince ya rubuta yadda za a haɗa shi.

In kin gwada sau biyu a wuri ɗaya ba ki samu ba, ki danne wurin na minti biyar, ki bar shi, ki kira wanda ya fi ki daɗewa ko ki sauya wuri. Inda na fi son komawa shi ne ƙafa, jijiyar tibiyal ta baya, wadda ke bayan ƙashin idon sawu na ciki. Ga ƙananan yara faɗinta ya kai na rediyal, kuma da sikanin nasararta tana kusa da ta rediyal. Ki ɗan tanƙwara ƙafar sama ki juya ta waje. Jijiyar saman ƙafa ta fi ƙanƙanta, ta fi wuya. Jagorar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta 2011 ta fifita waɗannan ukun, wato rediyal da na ƙafar nan biyu, a kan ta matsematsi da ta hammata, ta kuma ce kada a yi amfani da ta gwiwar hannu ga yara. Akwai cibiyoyin tiyatar zuciya da ke amfani da ta gwiwar hannun, amma jijiya ce da duk hannun ya dogara da ita, ga jijiyar motsi a manne da ita, ba wurin mai koyo ba ne. Ta matsematsi takan zama dole in jini ya faɗi ƙwarai har na nesa sun ɓace. Ki sani cewa ga jarirai ita ce ta fi kawo toshewa da sanyin ƙafa, saboda haka a yi ta da sikanin, da waya, da mafi ƙanƙantar roba, a ƙasa da layin matsematsi. Ta gefen goshi an daina, domin abin da aka tura cikinta na iya komawa baya zuwa ƙwaƙwalwa.

Ga sabon haihuwa a kwanakin farko, cibiya hanya ce mai kyau. Tana da jijiyoyi masu bugawa biyu, ƙanana masu kaurin bango, da mai mai da jini ɗaya, babba mai siririn bango. A cikin mai bugawa ana sa roba mai lamba 3.5 a ma'aunin French, wanda ya bambanta da lambar kanula, ga wanda bai kai kilo 1.5 ba, mai lamba 5 ga wanda ya fi haka. Tsawon da za a zura a santimita shi ne nauyin jariri a kilo sau 3 a ƙara 9, sai hoton ƙirji da ciki ya tabbatar bakin yana tsakanin ƙashin baya na ƙirji na 6 da na 9. A riƙa duba yatsun ƙafa da ɗuwawu, kuma a yi ƙoƙari kada ta wuce kwana 5. Jaririn da aka haifa a gida aka riga aka fara gasa masa cibiya ko aka shafa mata wani abu, ki duba da kyau. In akwai ja, ko wari, ko ruwa, ki manta da wannan hanyar.

Bayan layin ya shiga, ki ɗaure shi yadda duk yatsu biyar za su kasance a fili, wurin hudar kuma a ƙarƙashin filasta mai nuna ciki. Ki sa masa jar alama. Jakar matsi da ake hura wa manya zuwa mmHg 300, wato ma'aunin matsin jini, tana tura kusan mil 3 a awa, kuma in an ja bawul ɗinta tana watsa ruwa da ƙarfi. Ga ƙaramin yaro famfon sirinji ya fi, mil 0.5 zuwa 1 a awa ga jariri, na ruwan gishiri mai hefarin, maganin hana jini daskarewa, rabin yunit zuwa yunit 1 a kowane mil. In za a wanke layin da hannu, a tura rabin mil zuwa mil 1 a hankali. Tazarar da ke tsakanin wuyan hannun jariri da babbar jijiyar jiki gajera ce, turawa da ƙarfi na iya kai kumfar iska ko gudan jini har inda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke rabuwa. Kuma mutum biyu su karanta jakar ruwan kafin a rataya. A 2008 hukumar kare majinyata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi bayan an riƙa rataya ruwan gulukos a irin wannan layin bisa kuskure: jinin da aka ɗiba ya nuna suga ya hau, aka ba da insulin, sugan gaske ya faɗi har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Duk jinin da aka ɗiba don gwaji a rubuta adadinsa, domin ga bakwaini ɗiban kwana biyu ko uku kaɗai na iya kai shi ga ƙarin jini.

Tiransdusa ta zauna daidai da zuciya, a tsakiyar gefen ƙirji. Kuskuren santimita 10 a tsayi yana sauya lambar da kusan mmHg 7.5. Ga babba wannan ba komai ba ne, amma ga jaririn da matsakaicin matsin jininsa 35 ne ko 40, zai iya sa ki ƙara adirenalin ba dalili, ko ki ƙi ƙarawa alhali yana buƙata. In zanen ya baje ya rasa tsininsa, ki nemi kumfa, gudan jini ko lanƙwasa kafin ki yarda cewa jini ne ya faɗi, ki kuma gwada da maɗaurin hannu.

A duba yatsun kowace awa. Ga fatarmu, a tafin hannu da ƙarƙashin farce ake ganin sauyin launi, in kuma an yi wa yarinya lalle, duka biyun sun rufe. A irin wannan halin ki maƙala na'urar auna oksijin a yatsan hannun da layin yake, ki dogara da zanen bugunta da kuma ɗumin yatsun in an gwada da ɗaya hannun. In yatsu sun yi fari ko duhu ko sanyi, a cire layin nan take, ba a jira zagayen safe. A ɗumama ɗaya hannun, wanda ba shi da matsala, domin hakan na sa jijiyoyin wancan su saki. In launi bai dawo ba cikin ɗan lokaci, a kira babban likita da likitan tiyata, a duba da sikanin, a yanke shawara kan man naitirogilisarin na shafawa ko hefarin, gwargwadon ko yaron na cikin haɗarin zubar jini.

Ba a sauya kanular bisa jadawali, amma tiransdusa da robobinta ana sauya su duk awa 96. A kowane zagaye a tambaya ko har yanzu ana buƙatar layin. Ranar da amsar ta zama a'a, a zare shi, a danne wurin na aƙalla minti biyar, ko fiye in yaron na kan hefarin, a sa bandejin da bai zagaye hannun gaba ɗaya ba, a kuma ci gaba da duba yatsun har washegari, domin toshewa na iya bayyana bayan an cire.